Ɓarawo Mai Bin Doka

Ranar Litinin da safe, Sufeto Tisiyenji Jere ba ta ko kurɓi shayinta ba waya ta shigo: an fasa kamfanin magani na Mulombwa, can unguwar masana'antu ta Ndola. Ta ce me aka ɗauka? Aka ce faifai ɗaya. Ta ce na waƙa? Aka ce ita dai ta zo.

A bakin get ta tarar da wanda ya kira. Dogo ne siriri, riga a goge kamar mai zuwa neman aure, idanu kuwa jajur. Kangwa Chishimba kenan, shugaban tsaron bayanai na kamfanin. Shekara uku yana gasa wa ma'aikata aya a hannu: kowa da lambar sirrinsa, kowace ƙofa da katinta, ka bar kwamfuta a buɗe ka je fitsari ka dawo ka tarar da takardar gargaɗi. Ba wanda ke zama kusa da shi a kantin cin abinci.

Sufeto ta ja littafin baƙi ta rubuta lokaci, ta ga ta yi kuskure, ta murje wurin da biro har ya yi baƙi.

"Ba Sufeto, a nan ba a yin haka," in ji Kangwa, ya sa mata "Ba" ɗin da Bemba ke sa wa a gaban suna don girmamawa. "Layi ɗaya ake ja a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi. Sai ki rubuta daidai a gefe, ki sa haruffan sunanki da kwanan wata."

"Ku Bemba, tun da kuka rage cin biri kuka koma cin ran mutane."

Ita 'yar Ngoni ce daga Chipata, kuma tsakaninsu da Bemba wasa ne tun na kakanni. Ba Babemben da za a jefa wa biri bai rama da cin ɓera ba, ko a wurin makoki ne. Kangwa bai rama ba. Ya juya ya yi gaba. Sufeto ta bi ƙeyarsa da kallo.

Ɗakin manyan kwamfutoci na bayan ginin ofis. An fasa tagar baya. A kan tebur ga kwamfutar tafi-da-gidanka sabuwa fil, ba a taɓa ta ba. A cikin akwatin ƙarfe mai faifai goma sha biyu, gurbi ɗaya ne kawai babu komai. Ƙusoshin da aka kwance guda huɗu suna jere a kan takarda, kai da kai, kamar sojoji.

"Fizge shi aka yi?"

"A'a. An kashe na'urar yadda ya kamata kafin a cire."

"To wannan ɓarawo uwarsa ta yi masa tarbiyya. Me ke cikin faifan?"

"Bayanan ɗakin sanyi. Zafi da sanyinsa na kowane minti, shekara biyu."

"Wa zai saya?"

"Ba kowa."

"Kwafi fa? Mutum irinka ai ko sunansa yana da kwafi."

"Kwafin ya lalace. Ina kan gyara."

Ta tambayi me ya sa ake rawar jiki a kan abin da ba mai saya. Ya ce jibi Laraba jami'an hukumar kula da magunguna za su zo duba kamfanin, kuma faifan nan suke fara nema.

Daga nan ta wuce ofishin Madam Namakau Sitali, shugabar sashen inganci, wadda sai ta sa hannu magani ke fita daga kamfanin. Mace ce mai tabarau da sarƙa, tana magana kamar kowace kalma sai an auna ta a sikeli.

"Me kuke ajiyewa a ɗakin sanyi, Ba Madam?"

"Allurar tsayar da jini bayan haihuwa. In zafi ya buge ta, ta zama ruwa kawai. A ido ba za ki gane ba."

"Ɗakin ya taɓa lalacewa?"

"Bai taɓa ba."

Ta miƙo fayil ɗin takardun da ake cikewa da hannu. Sufeto ta buɗe watan Disamba. Kwana ashirin da ɗaya a jere, biro ɗaya, hannu ɗaya, awo ɗaya, ba ko ɗigon shayi.

"A Disamba ba ku rufe kamfani ba?"

"Mun rufe mako uku, kamar kowace shekara."

"To wa ya riƙa zuwa yana rubuta wannan? Ko ranar Kirsimeti bai yi fashi ba, bawan Allah."

Madam ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ce za ta bincika.

Mai kula da sito wani dattijo ne, Ba Lombe. Sufeto ta same shi a bayan sito yana cin nshima da kapenta, wato tuwon masara da ƙananan kifi, daga kwanon da ya zo da shi. Ya ɗago ya dube ta sama da ƙasa.

"'Yar Chipata ce? Yi haƙuri mayo, uwata, ban zo da ɓera ba."

"Ci abinka tata, babana, na ga wutsiyar birin a ƙasan kwanon."

Ya yi dariya har da tari. Da ta ambaci ɗakin sanyi sai dariyar ta tsaya. Ya rufe kwanon.

"Ranar da muka dawo hutu ni na buɗe shi. Iskar da ta buge ni, kamar na buɗe kicin. Injin ya mutu, ban san tun yaushe ba. Na ruga wurin Madam. Ta ce da ya lalace da ƙararrawa ta turo saƙo wayarta, tunda haka aka haɗa ta. Ta nuna min wayar, ba komai. Ta ce ƙila da asubar nan ya tsaya. Aka kira mai gyara, aka cike takardu, aka yi shiru."

"Maganin fa?"

"Kwalba dubu arba'in. Ni na loda su da hannuna a Janairu. Ƙananan asibitocin ƙauye aka kai wa, har can wajenku."

Sufeto ta tuna gida. Ƙanwarta Misozi na can ƙauyensu bayan Chipata, cikinta wata tara, yau ko gobe. Ta sa dattijon ya rubuta mata lambar rukunin maganin a bayan hannunta.

Yanzu dai ta san abin da faifan zai faɗa. Saura wanda ba ya son a ji. Hankalinta ya fi karkata ga Madam, amma Madam ko sukurdireba ba ta yi kama da wadda ta taɓa riƙewa ba.

Ta koma get. Masu gadin na wani kamfanin haya ne, duk mako ake canza su, wai don kada su saba da ma'aikata. Wannan ma dokar Kangwa ce. Na ranar Lahadi bai san fuskar kowa ba.

"Jiya wa ya shigo?"

"Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki kawai, Ba Sufeto. Da rana. Hular kwano, takunkumi, jakar kayan aiki."

Ta buɗe shafin Lahadi. Suna: Peter Banda, da rubutu a karkace kamar na mai koyon hannun hagu. Lokacin shiga an fara rubuta biyu da minti goma. Sai aka ja layi ɗaya siriri a kai, aka rubuta uku da minti goma a gefe. Kusa da shi, da ƙananan haruffa masu tsafta: K.C., da kwanan wata.

Sufeto ta daɗe tana kallon wurin. Ba ta ji daɗin da take ji idan ta kama zare ba.

Ta tarar da Kangwa a ofishinsa, yana zaune ya zuba wa bango ido. Bangon cike da takardun shaida da hotunan da ya manna na gargaɗi. Ta ajiye littafin a gabansa ta ɗora yatsa.

"Ba Peter Banda, sannu da aiki. Ka canza suna, ka canza hannu, ka rufe fuska. Sai agogo ya ruɗe ka, hannunka ya yi abin da ya saba."

Ya kalli haruffan. Wani sauti ya fito masa, ba dariya ba, ba kuka ba.

"Ni na koya wa mutum ɗari biyu wannan layin."

"Madam ce ta sa ka?"

"Ba ta san komai ba. Ita ta yarda da wayarta ne. Ni na sa ta yarda." Ya murza idanunsa. "A Nuwamba na rufe duk wata kafa da na'urorinmu ke fita intanet da ita, don kada a yi mana kutse. Har yabo aka yi min a taron shugabanni. Ban san ta ɗaya daga cikin kafofin nan ƙararrawar ɗakin sanyi ke tura saƙo ba. Ban gwada ba. A takardata akwai layin da ya ce a gwada. Na sa alamar an yi."

"Yaushe ka gane?"

"Mako biyu da suka wuce, ina shirya wa jami'an hukuma. Injin ya mutu rana ta biyu da fara hutu. Kwana goma sha tara. Ƙararrawar ta yi ta ƙoƙarin tura saƙo, sau dubu biyar da wani abu. Kowane ɗaya katangata ta tare shi, ta rubuta cewa ta yi nasarar hana kutse."

"Mako biyu kana zaune a kan wannan."

"Na kira asibitoci uku, na ce bincike nake yi. A ɗaya, nas ta ce min tun Fabrairu mata huɗu suka tafi, jini ya ƙi tsayawa, sun yi allura sun ƙara ba amfani. Ta ce ƙila hannunta ne ba sa'a." Ya ƙara da cewa, "Ban kira na huɗu ba."

"Sai ka fasa taga."

"Na goge kwafin, na fasa taga. Na ce in babu faifai, laifin ɓarawo ne."

"Kuma kai ka kira mu."

"Doka ta ce a kai rahoto cikin awa ashirin da huɗu."

Sufeto ta rufe littafin baƙin.

"Ina faifan? Ka jefa a kogin Kafubu?"

"Na je bakin kogin. Na kasa. Ba a lalata faifai sai da sa hannun mutum biyu." Ya ciro makullin mota ya ajiye. "Yana but ɗin motata, cikin leda. Na manna masa suna."

Kafin azahar an kira hukuma, an fara buga waya lardi-lardi a janye maganin. Madam Sitali na zaune a ofishinta da ɗan sanda a ƙofa, tana jiran nata bayanin a kan takardun Disamba. Da aka sa wa Kangwa ankwa, ya roƙi a bar shi ya kulle kwamfutarsa. Aka bar shi. Ma'aikata suka fito suka tsaya a baranda cikin fararen riguna. Dattijo Lombe ne kaɗai ya cire hularsa, ya juya baya.

Sufeto ba ta shiga motar ba. Ta tsaya gefen get ta kira asibitin ƙauyensu. Sai a kira na uku aka ɗauka, ana jin kukan jariri da ƙarar bokiti.

"Sista, Tisiyenji ce, yayar Misozi Jere. Ta zo?"

"Tun safe tana nan. Naƙuda ta fara, amma da saura."

"Buɗe firjinku ki karanta min lambar da ke jikin allurar tsayar da jini."

Aka ji takun silifa, aka ji murfin firji. Nas ta karanta a hankali. Sufeto na bin lambobin da ke bayan hannunta ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe.

"Kada ki yi mata da wannan. Kada ki yi wa kowa. Ta lalace."

Da nas ta amsa, muryarta a gajiye take, ba faɗa ba mamaki.

"Mayo, ita kaɗai gare mu. Motar kaya sai ƙarshen wata, gada kuma ruwa ya cinye. Mata uku ne a kwance. In na ajiye wannan, da me zan yi musu?"

Sufeto ta dubi lambar da ke bayan hannunta. Cikin motar, Kangwa ya jingina goshi da gilashi yana kallonta. Direba ya danna hon sau ɗaya.

"Kina ji na?" in ji nas. "Na ce da me zan yi musu?"