Layi a Wuyan Maryam

Wanda ya saci allon Mama Gunhild ba katako kawai ya ɗauka ba. Ya sace wa tsohuwa ɗan hankalin da ya rage mata, kuma da rana tsaka ya yi, a gidan da aka ba shi ruwa ya sha.

Wata Talata a shekarar 2006 Sufeto Isiyaku, mutumin Zariya da ya daɗe a aikin ɗan sanda a birnin Greensboro na Amurka, ya tsaida mota a ƙofar gidan, can garin Summerfield da ke kusa. Fassouma ce ta buɗe masa, 'yar Maraɗi mai jinyar tsohuwar. Ita ta buga waya.

"Hajiya, kin ce an sace hoto. Ga shi kuma a bango."

"Ba shi ba ne, Yallaɓai."

Allo ne ɗan ƙarami, da zanen Nana Maryam rungume da jariri. Daga rufin wani cocin ƙauye a ƙasar Sweden ya fito, cocin katako mai shekara ɗari bakwai. Mahaifin Mama Gunhild kafinta ne, shi aka ba wa allon lokacin da aka sake rufin. Tsufa ya mantar da ita sunan ɗanta, amma kullum da safe sai ta zauna gaban allon tana kiran iyayenta da yarensu.

"Ta yaya kika gane?"

"Bangon nan ne alƙibla. In zan yi salla sai in rufe hoton da mayafi, in na sallame in yaye. Shekara shida wata tsohuwar ƙusa da ke jikin allon tana kama mini mayafin. Ran Asabar bai kamu ba."

Tsohuwar tana kan keken guragu, ta juya wa bangon baya. Kwana uku ba ta ci abinci ba.

"Wannan Maryam ɗin ba ta san ni ba," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Ɗanta ya bugo waya daga wata jiha yana ihu: mai jinyar nan ta tsani hoton, kullum rufe shi take, a kama ta. Isiyaku ya bar shi ya gama, ya ajiye.

Ya sauke allon ya shinshina. Warin man goge kujeru. Ya kai shi bakin taga, ya ɗora gilashin ƙara girma. A wuyan Maryam akwai layi siriri kamar gashi, haka ma a wuyan jaririn. Ya tuna malaminsu na Zariya: in ka zana mai rai, ka yanke wuyansa, kada ranar ƙiyama a ce ka hura masa rai. Babu Baturen da zai ja layin nan.

"Hajiya, wa yake kawo ki aiki?"

"Ƙanena Salissou. Ni na goye shi, ni na kawo shi ƙasar nan. Fenti yake yi a kamfanin kujeru, yana mai da sabon katako kamar tso..."

Ta dafa bango ta zauna a ƙasa.

A garejin gidansu da ke East Greensboro Isiyaku ya sami Salissou, hannu duk fenti.

"Ka san allon Mama Gunhild?"

"Wane allo, Alhaji? Wallahi ni direba ne kawai, ban taɓa wuce ƙofa ba."

"Wa ya zana dokin nan na jikin ƙyaure?"

"Ni ne. Ya yi kyau ko? In kana so in yi maka rangwame."

"Ya yi kyau. Me ya sami wuyansa?"

Salissou ya dubi layin da ya ratsa wuyan dokin. Murmushin ya gudu.

"Ka ji tsoron zunubin zane," in ji Isiyaku, "ba ka ji tsoron sata ba. Ina allon?"

"Na sayar wa wani dillali a New York. Shagon kaina nake son buɗewa. Na ɗauki hotonsa da waya, na yi wata biyu ina kwaikwayo. Ran Juma'a Yaya tana yi wa tsohuwar wanka na musanya. Na ce matar da ba ta gane ɗanta ba, ina za ta gane katako?"

"Ta gane."

Yana saka masa ankwa Fassouma ta iso. Ba ta zage shi ba. Ta ciro hularsa daga kan ƙusa ta ɗora masa, ta juya.

Sai bayan mako biyar aka ƙwato allon. Mama Gunhild ta rasu a mako na uku, fuskarta na kallon taga. Ɗanta bai bar Fassouma ta je jana'iza ba. Isiyaku da kansa ya kai allon gidan, ya tarar an kwashe kaya, ba kowa sai ƙusa a bango.

Kotu ta ɗaure Salissou shekara uku. Da ya gama, aka sa shi a jirgi aka mai da shi Nijar.