Ban Tambayi Wa Ya Yanka Ba

"Ki haɗa kayanki kawai," in ji Gwaggo Larai, ƙanwar surukina, tana tsaye a bakin ƙofar ɗakina hannu a ƙugu. "Ki koma Katsinarku tun kafin ki ƙarasa mana ɗan'uwa."

Ni da ba a faɗa mini ɗaya ban rama da biyu ba, ranar nan sai kawai na jawo jakata. Me zan ce? Gaskiyarta ce. Baffa, surukin nawa, yana can ɗakinsa yana ramewa, kuma ni ce sila.

Sunana Bara'atu. A bikin wata 'yar'uwa a Katsina Abdurrazak ya gan ni, ya nace, ya yi ta sintiri daga Douala har iyayena suka gaji suka ba shi. Ya kawo ni Douala, unguwar New Bell, gidan mahaifinsa, inda ruwan sama ba ya gajiya, gumi kuma ba ya barin jikin mutum.

Ba ruwan ne ya fi ba ni wahala ba, kasuwa ce. A gida ido rufe zan yi cefane. A nan kuwa ganyen da na ɗauka alayyafo ne, na dafa ya fito da ɗaci kamar maɗaci. Attaruhunsu guda ɗaya ya ishe ka kuka. Ko'ina manja, ko'ina rogo a nannaɗe cikin ganye yana tsami. Matan kasuwa su yi ta jan hijabina suna "asso, asso," wai abokiyar ciniki, ni kuma Faransanci ko na gaisuwa ban iya ba. Sai Abdurrazak ya karɓi cefanen, yana biyawa in ya taso daga aikinsa na tashar jiragen ruwa. Kullum sai na ce ya kai ni ya nuna mini wurare, kullum sai ya ja kumatuna ya ce gobe, amarya, gobe.

Mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa, don haka girkin Baffa ya dawo hannuna. Baffa shi ne ladanin masallacin layinmu. A Douala aka haife shi, amma iyayensa daga wajenmu suka zo. Ranar da ya fara cin tuwona sai ya aiko a ce mini ya tuna da innarsa. Tun daga nan yake kirana 'yar gida. Wallahi na so tsohon nan kamar mahaifina.

Wata rana na ji yana faɗa wa ɗansa cewa rabonsa da miyar kuka da naman banda tun innarsa na da rai. Shi ke nan, rawar kai ta motsa. Na ce zan ba shi mamaki. Ban faɗa wa kowa ba na hau bensikin, acaɓarsu ke nan, na nufi kasuwa ni kaɗai.

Can ciki, bayan masu kifi, na tarar da layin banda. Nama baƙi, a yanke, sai ƙamshin hayaƙi. Na nuna wa wata mata wanda nake so. Ta dubi hijabina, ta dube ni, ta girgiza kai tana wata magana. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ɗauka raina ni ta yi don ta ga baƙuwa. Na dage, na tura mata kuɗi, har ta ɗaga kafaɗa ta ƙulla mini.

Ban tambayi wa ya yanka ba. Ban tambayi naman mene ne ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin an yi wannan tambaya a kasuwa ba. A garinmu nama nama ne.

Baffa ya ci, ya ƙara, ya sa mini albarka har ina jin kunya.

Da yamma Gwaggo Larai ta leƙo madafi ta ga ragowar naman da ban dafa ba. Ta juya shi, ta dubi kitsen, ta tambaye ni wane layi na sayo. Ina gama kwatance ta saki salati ta zauna a ƙasa. Kowane yaro a New Bell ya san abin da ake sayarwa a layin nan, sai ni. Naman alade ne.

Mutumin da ya shekara saba'in a garin nan yana kaffa-kaffa da abin da zai sa a bakinsa, ni na zo daga ƙasar Musulmi na ba shi da hannuna.

Liman ya zo har gida ya ce babu zunubi a kan wanda bai sani ba, ni da Baffa duka. Baffa ma ya aiko a ce mini ya yafe, kada in sa wa raina damuwa. Amma abinci ya ƙi shiga. Nawa, na Gwaggo, na maƙwabta, da ya kai loma baki sai amai. Ga shi da ciwon suga. Ruwan shayi kawai yake kurɓa. Ina daga ɗaki ina jin kiran sallarsa a lasifika, muryar tana ƙara sirancewa, har ranar da na ji wani ne ya kira. Na kifa kaina a katifa na yi kuka kamar raina zai fita.

Dangi suka taru suka yanke cewa ganina da jin ƙamshin girkina ne ke tayar masa da zuciya. In tafi gida tukuna, in ya warke a ga abin da hali zai yi. Na san irin wannan tukuna ɗin. Da yawa ba sa dawowa.

Bayan Gwaggo ta fita Abdurrazak ya shigo ya same ni ina ninke kaya. Ya tsaya yana kallona, idonsa ja.

"Bara'ah... ajiye."

"In ajiye ya mutu?"

"Ni ya kamata a kora. Sau nawa kika ce in kai ki kasuwa?"

"Ba kai ka dafa ba."

"Zuciyata, dube ni."

"Ba zan iya ba. In na dube ka ba zan tafi ba, kuma dole in tafi... Uba ɗaya gare ka, Abdurrazak. Mata kuwa ga su nan cike da gari, waɗanda suka san layin nama."

Ya ƙwace rigar da ke hannuna ya durƙusa a gabana, ƙaton namiji yana hawaye. Ya ce shi bai san yadda ake zaɓa tsakanin mahaifi da mata ba, kuma ba zai koya a kaina ba. Ya ce zai je ya gaya wa Baffa komai da bakinsa, don ya tabbata maganar korar nan ba ta kai kunnen tsohon ba. Na roƙe shi kada ya ƙara masa ciwo. Bai saurare ni ba.

Washegari da hantsi jakata na bakin ƙofa, na sa hijabi zan je in yi sallama, sai na ji ƙarar sanda a tsakar gida. Baffa ne, babbar riga ta yi masa yawa, ɗansa na riƙe da shi. Na zube ƙasa na sunkuyar da kai.

"'Yar gida," ya ce, muryar da ƙyar take fita. "Wa ya ce miki fushi nake? Maƙogwarona ne ya ƙi, ba zuciyata ba. Ɗauko kwandon cefanenki."

Gwaggo ta fara magana, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

A tasi muka tafi, shi a gaba, mu a baya. A kasuwa ya riƙa tafiya yana hutawa, yana nuna mini da sanda. Nan masu kuka da daddawa, mutanen Garwa ne. Nan mai man gyaɗa. Can kuma, ya nuna ba tare da ya juya ba, ba ma shiga. Ya tsaya a teburin wani mahauci mai suna Jibirilla, ya ce masa ya kalle ni da kyau, 'yarsa ce, daga yau ko da ido ta nuna a ba ta mai kyau. Mutane na ta gaishe shi suna mamakin ramarsa, ni kuwa ina bayansa ina share hawaye da gefen hijabi.

Da muka dawo bai shiga ɗaki ba. Ya sa aka ajiye masa kujera a ƙofar madafi, suruki guda, ya zauna yana kallon hannuna tun daga wankin nama har kaɗa miya. Kunya kamar in nutse, ludayi ya faɗi ya fi a ƙirga.

Na durƙusa na ajiye masa tuwon da miyar.

Ya yi bisimilla, ya yanko loma ƙarama, ya kai baki. Na ga ƙirjinsa ya taso. Ya runtse ido, ya dafe gwiwa, gumi ya keto masa a goshi. A raina ina ta ya Allah, ya Allah, kada ka kunyata ni. Abdurrazak ya matso da roba ko da zai yi amai, Baffa ya ture ta da ƙafa.

Ya haɗiye.

Ya daɗe a zaune ido rufe, hawaye na bin gemunsa. Mu duka muna jira, har Gwaggo da ta toshe baki da mayafi.

"Abdurrazak," ya ce a hankali, "mayar da jakar nan ciki."

Sannan ya miƙa hannu ya sake yanko wata lomar.