Zalɓen Balki a Gaban Alƙali

"Kalli wannan, Halidu! Kalle shi da kyau!"

Na watsa turmin atamfar a kan teburinsa, takardu suka zube ƙasa. Tun daga kasuwa na taho da ƙafa har ofishinsa na unguwar Plateau, ban ma san na iso ba.

Ya warware turmin a hankali. Zalɓe ne jere a bakin ruwa, kowanne ya ɗaga ƙafa ɗaya.

"Ai zanenki ne, Balkina..."

"Nawa ne! Amma injin Turai ya buga shi, ana sayar da shi rabin kuɗin nawa. Duba sunan da ke bakin zanen."

Ya duba, sai na ga fuskarsa ta sauya.

Alhaji Lawali. Ƙanin mahaifinsa, wanda ya rene shi tun yana maraya, ya tura shi Dakar ya karanto shari'a.

Ni mariniya ce a unguwar Boukoki, nan Yamai. Da hannuna nake sassaƙa hatimi a jikin ƙwarya, in tsoma a kakin zuma, in buga a kan farin akoko. Wata shida kafin nan, a farkon 1965, Kadi ƴar Alhaji ta zo gidanmu da fara'a ta sayi zane ɗaya. Ashe samfur ta zo ɗauka. Yamai kaf an san ta daɗe da sa ido a kan Halidu.

"Ba a nan abin ya tsaya ba," na ce. "Alhaji da manyan ƴan kasuwa biyu sun haɗa baki. Duk mariniyar da ta yi magana, ba za a ƙara sayar mata da akoko ba. Mu arba'in ne, Halidu. Yawancinmu da rinin nan muke ciyar da gida."

Ya sunkuya ya tattara takardun da suka zube.

"Ban zo in ce ka zaɓa ba," na ce. "Ka nuna mini wani lauya kawai."

"Kin tuna ranar da na matsa miki sai da kika sa hannu a takardar rajistar zanen nan, kina yi mini dariya?"

"Na tuna..."

"To ni na yi rajistar, ni zan tsaya mata."

Na fashe da kuka.

Kwana uku bayan nan Inna Hamsatu, mahaifiyarsa, ta aiko aka kira ni. Ko amsa gaisuwata ba ta yi ba.

"Yarinya, mutumin da ya ɗauki ɗana a kafaɗa za ki sa shi ya kai kotu? In dai ina raye, ba ke ba gidan nan!"

Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe ni," na fito ina ganin duhu-duhu. A ƙofar gida na tarar da Halidu.

"Ka janye, don Allah. Na haƙura da zanen. Ba zan raba ka da danginka ba."

"Sau biyu ina zuwa wurin Baba Lawali ina roƙonsa a sasanta, ya kore ni. In na janye, me zan ce wa matan nan talatin da tara?" Ya sassauta murya. "Kuma da wane ido zan kalle ki, rabin raina?"

Ranar shari'a kotu ta cika da marina, hannuwa shuɗi-shuɗi. Lauyan Alhaji ya miƙe ya ce zalɓe tsuntsun Allah ne, kowa na ganinsa a bakin kogi, kowa na iya zana shi.

Halidu ya fito cikin baƙar rigarsa, ya ɗora hatimina a gaban alƙali.

"Malama Balki, me ya sami fiffiken nan?"

"Faɗuwa ya yi daga hannuna, ƙwaryar ta ɗan tsage."

"Ranka ya daɗe, a duba atamfar. Kowane zalɓe yana da wannan tsagar a fiffikensa na hagu. Shin na bakin kogi ma da tsaga Allah ya halicce su?"

Kotu ta ɗauki guɗa sai da alƙali ya buga tebur.

Aka hana sayar da atamfar, aka kuma rushe haɗin bakin da suka yi a kan akoko. Mata suka rungume ni. Amma ni Halidu nake kallo: ya je ya durƙusa a gaban Alhaji, Alhaji ya tattare rigarsa ya wuce shi.

Wata biyu ba wanda ya yi wa Halidu magana a gidansu. Ya rame, ni ma na rame.

Wata Juma'a bayan la'asar sai ga mota a ƙofarmu. Ta labule na hango Alhaji Lawali da kansa, da huhun goro, yana gaisawa da Kawu Mutari, yayan mahaifiyata.

"Na yi fushi, Malam Mutari, ba zan ɓoye ba," in ji shi. "Amma na zauna na yi tunani. Na tura yaro ya koyo gaskiya, ya dawo ya fara da ni. To me nake so kuma? Uwarsa ma na lallashe ta. Ƴarku muka zo nema wa Halidu."

Na saki labulen, na zauna a ƙasa.

Da suka tafi, Halidu ya tsaya a zaure yana murmushi, idanunsa jajur.

"Saura ƙara ɗaya, Balkina."

"Wa kuma za ka kai?"

"Kaina. A gabanki."

Na rufe fuska da mayafi. "Wane hukunci kake nema?"

"Ɗaurin rai da rai."

"An yanke," na ce, can ƙasa-ƙasa.