Lambar da Baba Ya Haddace

Shekarar da soja suka karɓi mulki, yunwa ta matsa wa ƙasar Ayar. Daminar da ta wuce, hadari ya yi ta haɗuwa bisa duwatsu yana watsewa ba ko ɗigo. Hatsi ya yi tsada a kasuwar Agadas. Makiyaya suka riƙa shigowa gari da raƙuma ramammu.

A tsohon gari, cikin wani lungu kusa da dogon masallaci, akwai wata yarinya ƴar aji biyar. Tana zaune da mahaifiyarta, Inna Mairo, da kuma kakarta. Babanta, Malam Lukumanu, baduku ne. Da baƙi suka daina zuwa sayen jaka da takalmi, sai ya rufe rumfarsa, ya tafi Fachi, can cikin hamada, aikin gishiri.

A lokacin salula ɗaya ce a gidan. Baƙa ce, ƴar ƙarama, an ɗaure bayanta da roba don kada murfin ya faɗi. Yarinyar ce mai karatun boko a gidan, don haka ita ke kula da ita. Kafin Baba ya tafi, ita ta koya masa lambar, biyu-biyu kamar waƙa, har ya haddace.

Kowace Juma'a bayan La'asar Baba yakan kira. Yakan ari wayar wani ɗan kasuwa a Fachi, irin mai aiki da tauraron ɗan'adam. Lambarta ba ta fitowa a fuskar salula. Shi ke iya kiransu, su ba su iya kiransa.

Juma'o'in nan suna da daɗi. Inna takan shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ta ɗora shayi a gawayi. Kaka takan ɗaura sabon kallabi kamar mai jiran baƙo. Sai a ajiye salular a tsakiya bisa faifai, kowa ya zuba mata ido. In ta yi ƙara, Kaka ce ke fara magana, da ƙarfi, wai don muryarta ta ƙetare hamadar Tenere.

Wata ranar Talata, yarinyar na dawowa daga lekol, wato makaranta, tare da ƙawarta Indo, suka tarar da taro a bakin kasuwa. Wata mota ce mai lasifika, tana ta kiɗa. Samari masu riguna iri ɗaya suna raba katin layi na wani kamfanin waya, wanda mutanen gari ke ce wa pus.

"Kyauta ne," in ji Indo. "Mu ma mun koma kamfanin nan. In kin sa shi, sai mu riƙa hira har mu gaji."

Yarinyar ta kutsa ta karɓi ɗaya. Ta tambayi saurayin da ya miƙa mata, "In na sa wannan, lambarmu ta da tana nan?"

Kiɗa ya cika wuri. Saurayin ya ɗaga mata hannu ya ce, "Ba matsala, ƙanwata, ba matsala." Ya juya ga wani.

Da ta isa gida, Inna ta tafi jan ruwa, Kaka tana barcin rana. Ta kwance robar, ta cire tsohon katin, ta sa sabon. Tsohon kuwa ta ƙulle shi a bakin kallabinta. Ta ce a ranta ran Juma'a za ta gwada ta gani, in bai yi ba sai ta mayar.

Da yamma ta kira Indo. Suka yi ta dariya a waya, ko da yake gida uku ne kawai tsakaninsu.

Ran Alhamis Inna ta yi wanki. Ta kwance duk wani ƙulli, ta karkaɗe, ta wanke, ta zubar da ruwan a lungu. Da yarinyar ta dawo ta ga kallabinta a bisa igiya, sai ta ruga ta taɓa bakinsa, ba ƙulli. Ta duba baho. Ta tona rairayin lungu da yatsu har farcenta ya yi zafi. Ba kati, ba alamarsa.

"Me kike nema, ɗiyata?" Inna ta tambaya.

"Ba komai, Inna. Maɓallin rigata ne."

Juma'a ta zo. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi. Salula tana bisa faifai, shiru. Shayin farko ya wuce, na biyu ya wuce, na uku ya huce a butarsa. Aka kira Magariba.

"Wataƙila mai wayar ne ya yi tafiya," in ji Inna.

Kaka ta miƙe. Ta kwance sabon kallabinta, ta ninke, ta ajiye.

Juma'a ta biyu ma haka. A lokacin ana ta jita-jita a gari, wai an rufe hanya, wai wata mota ta ɓace cikin rairayi. Inna ta riƙa zuwa tasha tana tambayar direbobi. Kaka ta rage cin abinci. In aka kawo mata fura sai ta kurɓa sau biyu ta ture.

Yarinyar ta san dalili, amma kullum ta buɗe baki sai tsoro ya rufe shi. A aji ma ta daina ɗaga hannu.

Ran Litinin da aka tashi, malamarsu Madam Fatouma ta ce ta tsaya.

"Sati biyu ke nan ba na jin muryarki. Yunwa ce, ko ciwo?"

"Ba ko ɗaya, Madam."

"To zauna nan kusa da ni. Ba sauri nake ba."

Yarinyar ta zauna. Can sai hawaye suka zo, labarin ya biyo baya. Madam ta saurara har ƙarshe.

"Canza katin kuskure ne," in ji ta. "Amma shirun da kika yi ya fi shi nauyi. Kowace rana kika ƙara, kakarki ce ke biya da lafiyarta. Kina so in raka ki?"

Yarinyar ta share ido. "A'a, Madam. Ni na yi, ni zan faɗa."

Da ta koma gida, ta tarar da Inna tana tankaɗe. Ta durƙusa gabanta ta faɗi komai, har ƙaryar maɓalli. Inna ta ajiye rariya.

"Kina gani ina yawon tasha cikin rana, kika yi shiru?"

"Na ji tsoro, Inna. Ki yafe mini."

Daga cikin ɗaki sai muryar Kaka ta fito. "Ke nan Lukumanu lafiyarsa lau? Wayar ce ba ta shiga?"

"Haka ne, Kaka."

"Alhamdu lillahi. Mairo, ki yi mata faɗa gobe. Yanzu dai ku ba ni furata."

Washegari Inna ta ɗauki mayafi, suka nufi biro, wato ofishin sabon kamfanin. Wata ma'aikaciya ta saurare su, ta girgiza kai.

"Ba a ɗauko lamba daga wani kamfani a kawo nan, Hajiya. Kowane kamfani da lambobinsa. Ku koma inda kuka saye ta."

Suka taka har biron tsohon kamfanin, can wajen hanyar filin jirgi. Layin mutane ya fito har waje. Da suka kai gaba, aka ɗauke wuta. Aka ce su dawo gobe.

Washegari suka dawo. Wannan karon da wuta, amma ma'aikacin ya ce na'urarsa ba ta samun babban bironsu na Yamai, kuma sai Yamai ta amince ake tada lamba. Suka koma gida. Inna ba ta yi mata faɗa a hanya ba. Yarinyar ta ga yadda ƙafafun Inna suka yi fari da ƙura, ta ji da ma dukanta aka yi.

Ran Alhamis na'ura ta yi aiki. Ma'aikacin, wani dattijo mai tabarau, ya tambaya, "Ina babban katin da aka ɓalle ƙaramin daga jikinsa? Akwai wasu lambobi a bayansa. In babu shi, sai wanda ya sayi layin ya zo da kansa."

"Wanda ya saya yana Fachi," in ji Inna a hankali.

"To ku duba gida. Ina nan har Azahar."

Yarinyar ta ce Inna ta zauna ta huta. Ta ruga gida ita kaɗai. Ta zazzage kwandon ɗinki, ta ɗaga tabarmi, ta duba bayan randa. Kaka tana zaune tana kallonta.

"Wai me ake nema?"

"Wani kati, Kaka, kamar tafin hannu, da rami a tsakiya."

"Wannan mai ƙyalli? Ɗauko mini adudun can."

Kaka ba ta yar da komai. A cikin adudun akwai tsofaffin ƴan kunne, da zaren da ya saura tun bikin Inna, da haƙorin yarinyar na farko a ƙulle cikin tsumma. A can ƙasa ga katin. Da shi Kaka take kankare tsakin goro daga faranti.

Kafin Azahar yarinyar ta dire shi a teburin dattijon tana haki. Ya duba bayansa, ya danna na'ura, ya ba su sabon kati mai tsohuwar lamba.

"Zai farka cikin kwana ɗaya, in Allah ya so," in ji shi.

Ran Juma'a aka shimfiɗa tabarma. La'asar ta yi, ta wuce. Inuwar katanga ta kai bakin ƙofa. Yarinyar ta riƙa addu'a a ranta. Ko Baba ya gaji da gwadawa? Ko katin bai farka ba?

Sai salula ta yi ƙara.

Inna ta ɗauka, ta danna yadda kowa zai ji. Muryar Baba ta fito.

"Mairo? Ku ne? Sati biyu ina kira, wata mata na ce mini da Faransanci ba a samun lambar. Har na ɗaure kayana, gobe zan bar aikin in biyo mota."

"Lafiyarmu lau, Malam. Ga ɗiyarka, tana da magana."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu. Ta gaya masa gaskiya, ba ta rage komai ba.

"Na yi zaton ni ne na manta lambar," in ji shi. "Na yi ta juya ta a baki, ina zargin kaina. To, na yafe miki. Amma ki ji: na aiko muku da buhun dabino da gishiri tun kwana goma, hannun wani direba, Illo. Ya kira bai same ku ba, ya bar su wurin sarkin tasha. Gobe ku je ku karɓa."

Da safe suka je. Buhun yana nan a kusurwar rumfa, ɓera ya ɗan huda gefe ɗaya, sauran lafiya lau. Inna ta musanya gishirin da hatsi. Dabinon kuwa aka ɗiba aka kai wa maƙwabta, aka kai wa Madam Fatouma cikin kwano. Ranar, duk lungun ya ci zaƙi.

Baba ya dawo da sanyin shekara, bayan an yi damina mai kyau. Ya buɗe rumfarsa. Abu na farko da ya ɗinka shi ne ƴar jakar fata ja ta ajiye salula, ya rataya ta a ƙusa inda kowa ke gani.

Yarinyar ta girma yanzu. Kaka ta rasu, an sake ginin lungun, kowa a gidan da wayarsa. Amma darasin bai bar ta ba. Abin da na gida ne gaba ɗaya, ba a canza shi sai an tambayi manya. In kuma kuskure ya auku, a faɗe shi ranar da ya auku, tun yana ƙarami.