Takardar Gwajin Zuciyar Guguwa

Ƙarfe biyar na yamma aka kira Sufeto filin ƙwallon ma'aikata. Wani ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasan ƙarshe, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Guguwa ake ce masa saboda gudu. Makanike ne mai 'ya'ya biyu, ƙwallon ma sai ya tashi daga gareji yake bugawa.

"Ajali ne, Yallaɓai," in ji kocin ƙungiyar, yana share gumi. "Kafin gasa duk an yi musu gwajin zuciya. Ga fayil."

Sufeto ya duba. Zanen bugun zuciya, sunan Guguwa a sama, a ƙasa an rubuta lafiya lau.

Washegari ya je wajen matar mamacin. Idanunta sun kumbura suntum.

"Ya taɓa kukan wani ciwo?"

"Sau biyu ya suma a gareji. Yakan ce zuciyarsa na fizga kamar an saka masa tsuntsu a riga. Ni na matsa masa ya gaya wa likita. Sai ya dawo yana dariya, wai Koci ya ce garau yake."

"Wa ya karɓo sakamakon?"

"Koci ke karɓo wa kowa."

Daga nan ya wuce asibitin da aka yi gwajin. Likitar tana ganin takardar ta ɓata rai. Ta zaro ta mai tsaron ragar ƙungiyar daga fayil ɗin, ta haɗa su biyun, ta ɗaga a hasken taga. Layukan suka hau juna cif.

"Ko mutum ɗaya ka auna sau biyu ba zai zo haka ba," ta ce. "Kwafi ne, aka canja suna."

Ta juyo masa da kwamfuta. Ga na Guguwa na ainihi, bugun a hargitse, ga gargaɗi da jan rubutu: kada ya yi wasa sai ya ga likitan zuciya.

"Har waya na yi. Lambar Koci ce a fom ɗin. Ya ce zai gaya masa."

Ran Sufeto ya ɓaci matuƙa. Ashe an ga abin tun sati uku, aka rubuta, aka kira!

A ofishin 'yan sanda Koci ya rantse har da dafa ƙirji. "Ban san komai ba. Wataƙila asibitin ne suka haɗa takardu."

Sufeto ya ajiye masa takardar asali mai jan rubutu. "A durowar ofishinka muka samo. Ita ma asibitin ne suka kai ta?"

Koci ya sunkuyar da kai. "Shekara goma sha ɗaya ina neman kofin nan. In babu shi ba za mu kai ko'ina ba. Wallahi na yi niyyar gaya masa bayan wasan."

"Bayan wasan!" Sufeto ya buga tebur. "Mutumin da ke ce maka baba! Ka karanta da idonka, ka miƙa masa riga ka ce shiga fili. Kai wane irin mutum ne?"

Wani kofur ya saka wa Koci ankwa. Har sun kai bakin ƙofa, Koci ya waiwayo.

"Yallaɓai, za a sake buga wasan kuwa?"

Sufeto ya nuna ƙofa.

"Kofur, fitar min da shi."