Da'irar Da Ta Yi Ta Juyawa

Auta ta jingina wayar da filo, ta gyara ɗankwalinta, ta ƙaƙalo murmushi don kada Inna ta ga damuwa a fuskarta. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, likita kuma ya kafa mata doka: ban da tafiya, ban da doguwar tsayuwa. Shi ya sa take kwance a ɗakinta na can ƙuryar gidan surukanta, alhali mahaifiyarta tana gadon asibiti a wani gari mai nisa, ciwo ya ci ƙarfinta.

Fuskar Baba ce ta fara fitowa a sikirin, tsohon tela mai furfura, idonsa ya yi ja.

"Auta, ki nutsu ki saurara. Ta ce lallai yau take son magana da ke. Likita ya ce..."

Sai ya juya wayar. Ga Inna, ta rame kamar ba ita ba. Leɓenta ya fara motsi. Nan take hoton ya tsaya cak, wata 'yar farar da'ira ta fito a tsakiyar goshinta, tana juyawa, tana juyawa.

"Wayyo! Ya sake tsayawa! Don Allah zo ka duba!"

Mijinta ya shigo da sauri. Dogo ake ce masa, kuma a lura da kyau: wannan harkar ita ce sana'arsa. Shi ke bi gida-gida yana haɗa wa mutane intanet, shi ake kira idan bidiyo yana yankewa. Gidan nasu a kwari yake, sabis ɗin layin waya ba ya shiga sai an fita bakin titi, don haka shi da hannunsa ya kafa rauta, na'urar raba intanet, a babban falo, gidan duka ana sha daga gare ta.

Ya karɓi wayar. Ya rufe duk abin da ke buɗe a cikinta. Ya rage kwalitin hoton har fuskar Inna ta koma dishi-dishi. Ya ɗaga wayar sama a bakin taga kamar mai roƙon ruwa. Hoton ya motsa sau ɗaya, da'irar ta dawo.

"Ko mu kashe hoton, a bar murya kawai?"

"Wace murya? Muryar Inna ta dushe, sai na ga leɓenta nake gane abin da take faɗa. Kai ma ka sani!"

Daga falo ihu ya tashi kamar za a tsaga rufi. "Ya ci! Wallahi ya ci!"

Yaya Babba ne da abokansa. Ranar wasan ƙarshe na ƙwallo ce, an haɗa babbar talabijin da intanet, kuma kowane baƙo ya karɓi lambar sirri yana kallon maimaici a wayarsa. Yaran gida na can kan katun, matar Yaya na kan fim ɗinta. Rijiya ɗaya, guga ashirin, me zai kai ɗakin ƙurya?

Auta ta kama hannun rigarsa. "Je ka ce su sauka. Minti biyar kawai nake roƙo."

Ya tafi. Ta ji shi a ƙofar falo yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman aron gishiri. Ta kuma ji amsar Yaya sarai.

"Haba Dogo! Yanzu ana tsaka da wasa? Ka ce wa amarya saura kaɗan a tashi. Tsohuwa ai ba gudu za ta yi ba."

Aka yi dariya. Dogo ya dawo kansa a sunkuye.

Yaya Babba shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya yi masa aure. Dogo bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba. To amma Auta ta san wani abu. Ta sha ganin mijinta yana nuna wa kwastomomi yadda ake yi: akwai wuri a wayarsa, dannawa ɗaya, duk wanda ke kan rautar zai sauka, a bar waya guda.

"Ka danna," ta ce, hawaye na bin kuncinta.

"Auta, gaban baƙinsa ne fa..."

"Ka danna, don girman Allah! Uwata ce!"

Ya ciro wayarsa. Ya buɗe wurin. Babban yatsansa ya tsaya a sama, ya tsaya, kamar shi ma da'irar ce ta kama shi. Sai ya ce, "Bari in sake gwada bakin taga."

Da alƙalin wasa ya hura tashi, baƙi suka watse, hoton ya washe tas. Auta ba ta taɓa ganin hoto mai kyau irin wannan a ɗakin ba. Har zaren da ya zare a wuyan rigar Baba tana gani. A bayansa kuma ga gado, an ja farin mayafi har sama.

"Sai haƙuri, Auta," in ji Baba. "Ta cika."

Ba ta yi ihu ba. Ta dai dubi mijinta, kallon da ya gwammace a ce mari ne.

Bayan ta haihu, mace, ta samu ƙarfin jiki, Baba ya zo da kansa ya tafi da ita da jaririyar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kawai, "Akwai maganar da ba a yi ba. In an shirya yin ta, an san gidana."

Yaya Babba bai je ba. Ya aika da buhunan abinci da turamen zane, da saƙon cewa ƙaddara ce, kuma kowa ya san halin sabis a ƙasar nan. Baba ya mayar da kayan a motar da ta kawo su.

"Ku gaya masa ni tela ne. In na ɓata wa mutum yadi, ba na cewa laifin almakashi ne. Ba shinkafa na nema ba. A zo a kira abin da sunansa."

Dogo kam ya yi ta zarya, tafiyar yini guda, ya zo ya durƙusa a ƙofar shagon Baba, keken ɗinki na ta ƙara ba a ko dube shi. Auta tana jiyo muryarsa daga ciki. Abin da ya fi ci mata rai shi ne har yanzu zuciyarta na tsalle idan ta ji sallamarsa. Sai ta rungume 'yarta ta juya wa ƙofa baya. Ko wayarta ta daina taɓawa, don duk abin da ya yi lodi, ya nuna da'irar nan, sai ranar nan ta dawo mata sabuwa. Me Inna ta so ta faɗa? Ta tambayi Baba sau ɗaya, ya ce, "Da sauran lokaci," ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da dangi suka matsa, aka sa ranar zama. Yaya Babba ya zo da babbar riga da manyan mutane, aka cika falon Baba. Auta na bayan labule da jaririya a cinya.

"Baba," in ji Yaya, "mu fa mun yi juyayi. Amma a raba aure saboda waya ta yi lodi? Ga mai sana'ar nan, a tambaye shi. Dogo, gaya musu, ba sabis ne ya yi rauni ranar ba?"

Auta ta kasa kunne.

"A'a, Yaya."

"Me ka ce?"

"Sabis lafiyarsa lau." Dogo ya ɗaga ido ya dube shi. "Mu ne muka cinye shi. Na zo na gaya maka, ka ce tsohuwa ba gudu za ta yi ba. Ni kuma maganin yana tafin hannuna, ta roƙe ni da girman Allah, na kasa dannawa don kada ranka ya ɓaci. Na sayar da bankwanan matata da uwarta a kan wasan ƙwallo. Ka yi mini komai a duniya, Yaya, ba zan manta ba. Amma wannan ba zan rufe mana shi ba."

"Ni kake tona wa asiri a gaban mutane? Ni da na goya ka?"

Yaya ya miƙe zai fita. Baba ya ɗaga hannu.

"Zauna, ɗana. Ka kalli naka har aka tashi. Yanzu ka ji wanda ka katse."

Ya sa aka ɗaga labule. Ya dubi 'yarsa.

"Auta, na riƙe miki amana, na ƙi bayarwa saboda fushi, don na san in kin ji za ki koma, ni kuwa ban so ki koma gidan da ba a san an yi miki laifi ba. A wajenmu ma hoton ya tsaya. Amma ya tsaya ne kina murmushi. Uwarki ba ta san lodi ba. Ta ɗauka shiru kika yi kina sauraro. Ta ce mini, 'Dubi Autata, ko ƙiftawa ba ta yi, tun tana ƙarama haka take in ina magana.' Na kasa gaya mata gaskiya. Ta faɗi duk abin da ke ranta, ta tafi tana ganin kin ji."

Auta ta fashe da kuka. "Me ta ce, Baba? Me ta ce?"

"Ta ce ta yafe miki duniya da lahira. Ta ce kada ki ji tsoron haihuwa, ita ma ta ji, ya wuce. Ta ce ki daina barin abinci in ranki ya ɓaci." Ya share ido da hannun riga. "Sannan ta ce, 'Yaron nan naki zuciyarsa fara ce, bakinsa ne mai nauyi. Ki yi haƙuri da shi, wata rana zai buɗe.' Ban ƙara ba, ban rage ba."

Dogo ya kifa kai a gwiwa yana sheshsheƙa. Yaya Babba ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa.

"Ba sabis ba ne," ya ce a hankali. "Ni ne. Amarya, ki yafe mini."

"Abin da na nema ke nan tun farko," in ji Baba.

Auta ta koma ɗakinta, ba don raunin ya warke ba, irin wannan ba ya warkewa. Ta tarar an cire rautar daga falo an kafa ta a tsakiyar gida, an ja waya ta musamman har ɗakin ƙurya, kuma Yaya da kansa ya riƙe tsani. Duk yamma takan kira Baba ta nuna masa jikarsa, wadda aka mayar wa sunan Inna, hoto tas ba yankewa. Wani lokaci tana cikin dariya sai hawaye ya zubo, don ta san aikin gyaran nan bai fi na rabin yini ba.

Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba: ta samu mijin da ya koyi buɗe baki. Amma yara, ku riƙe wannan. Girmama na gaba wajibi ne, sai dai kunyar da za ta hana ka tsaya wa mai haƙƙi ba ladabi ba ce, tsoro ne ya ari rigar ladabi. Wasa ana maimaita shi gobe. Bankwana kuwa sau ɗaya ake yi.