Asabar Ɗin Da Ban Zo Ba

"Madam, show ya fara fa, shiga small small."

Ko kallon mai tsaron ƙofar ban yi ba, na kutsa ciki. Albishir na ɗauko tun daga Zariya, kuma yau sai na sauke shi a kunnen Maliki.

Baffa ya amince!

Zauren zane-zane ne a Wuse, cike da 'yan gayu. An rataye tsofaffin tayoyi a bango, wata mata ta shafe jikinta da farar ƙasa tana tafiya kamar mai ciwon baya, kowa na gyaɗa kai wai ya gane. Ni dai ban gane komai ba. Na samu kujera can baya ni kaɗai, yadda na saba zama ko'ina a garin nan.

Sai ga shi a kan dandamali.

Malikina... bakaniken Apo mai haɗa kiɗa da ƙarafan mota da ƙarar injuna. Kiɗan nan ne ya raba mu. Baffa, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni, ya ce bakanike ba laifi, amma gidanmu ba a haɗa zuri'a da makaɗi. Ya sa na rantse ba zan ƙara yi masa magana ba sai da izininsa.

Na riƙe rantsuwata. Amma duk Asabar da yamma sai in taso daga Lugbe, in faka a bayan garejinsu, ina hango ƙeyarsa daga cikin mota, ko inji ba na kashewa. Minti goma in juya. Wata bakwai ina wannan wautar, kafin na ɗauki hutu na tare a Zariya sati shida, ina kuka ina roƙo har Baffa ya sauko.

Maliki ya matso da lasifika ya ce, "Wannan na ƙarshe, sunansa Asabar."

Ƙarar inji ta cika zauren. Ta taho, ta tsaya tana gurnani a hankali, can ƙasa da wani ɗan ƙiii-ƙiii...

Na dafe ƙirji.

Motata ce! Kukan fanbel ɗin da na hana kowane bakanike taɓawa ne. Na manta bakanikai da kunne suke gane mota, ba da ido ba. Ashe duk zuwana ya sani, ashe ɗaukar sautin yake yi!

Ta zo, ta tafi. Ta sake zuwa, ta tafi, yana bin ta da bugun sifana a jikin ƙarfe. Hawaye suka wanke min fuska.

Sai komai ya ɗauke ɗif.

Ya tsaya kansa a sunkuye, shiru har wata ta fara tari. Daga nan tafi ya ɓarke.

A bayan dandamali na same shi yana naɗe wayoyi.

"Maliki..."

Wayar ta suɓuce daga hannunsa.

"Lubna? Ke ce?"

"Ni ce, masoyi. Ashe kana jina?"

"Tun daga kwanar masu taya nake jinki. In ajiye aiki, in tsaya ina jira ki kashe injin nan ko sau ɗaya..." Muryarsa ta karye. "Sai kuma kika daina zuwa."

"Ai na bar maka saƙo! Na ce wa Nana Aisha ta gaya maka na tafi..."

"Ta gaya min. Ta ce kin tafi gida bikinki."

Bikina?

Nana Aisha, mai shirya masa wasanninsa, wadda na riƙe mata hannu ina kuka na ce ta ce masa ya jira ni, wajen Baffa za ni!

Kafin in buɗe baki sai ga ta, hannuwa sun sha lalle har gwiwa. Ta saƙalo hannunsa tana murmushi, amma ta kasa haɗa ido da ni.

"Ah ah, Lubna! Welcome back. Honey, ba ka faɗa mata ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Jiya aka ɗaura mana aure, bayan Juma'a," ya ce.

Wallahi na so in fasa ihu, in tona mata asiri a gaban 'yan gayunta. Amma in na faɗa, me zai dawo? Sai dai in bar shi da ciwo irin nawa.

"Kin zo da magana ne?" ya tambaya a hankali.

"Kiɗan ya yi daɗi. Allah ya ba da zaman lafiya."

Ana kiran magariba na fito. Ban kai bakin titi ba wayata ta ɗauki ƙara.

Baffa ne, muryarsa har da fara'a.

"Lubna, kin gaya wa yaron? Yaushe manyansa za su zo?"

Na share hawaye.

"Ban same shi ba, Baffa."